Shagon da ya ɗinka mana ankon cika shekara 35

Tun da hotunan taronmu suka fita wayata ba ta huta ba, kowa tambayarsa wa ya yi mana ɗinki. Wasu masu kiran ma ƙannenmu ne na makaranta da ke shirin nasu taron baɗi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda muka yi da shagon, daɗinsa da rashin daɗinsa, don wadda za ta ɗauki kayan mata arba'in ta kai can ta san abin da za ta tarar.

Mu 'yan aji ɗaya ne a makarantar kwana ta 'yan mata. Mun shiga siziyam, ajin farko na sakandare, a 1984, shekarar yunwar da a wajenmu Adar ake kira El Buhari, muka fita da birebe, takardar gama aji huɗu, a 1988. Daga nan kowa ta kama hanyarta. Akwai malamai irina, akwai ungozoma, akwai ma'aikatan banki, akwai waɗanda aure ya tsayar da karatunsu a nan. Mu da ke Yamai muna haɗuwa Lahadin farko ta kowane wata a gidan ɗaya daga cikinmu, abin da Zabarmawa ke ce wa foyandi, kowa ta zuba jika 2, wato sefa dubu biyu, a asusu. Daga ciki ake fitar da gudummawar biki, da suna, da rasuwa. Na Tawa da Maraɗi da Damagaram suna turo nasu ta kamfanin aika kuɗi na Nita ko Al Izza, ma'ajiyarmu ta rubuta a littafi.

A 2023 muka cika shekara 35 da rabuwa, muka ce sai mun taru gaba ɗaya. Ba a yi gardama kan rana ba: 13 ga Mayu, ranar matan Nijar, kuma ta faɗo Asabar. Ranar tana da nauyi a wurinmu. A 13 ga Mayu 1991 matan Yamai suka fito kan titi saboda mace ɗaya tak aka saka a kwamitin shirya babban taron ƙasa, ba su koma gida ba sai da aka ji kukansu, aka ƙara mata biyar. Uku daga cikin ajinmu suna lise, wato babbar sakandare, a Yamai lokacin, kuma da ƙafarsu suka yi wannan tafiya cikin rana. Duk shekara ana buga zanen 13 ga Mayu, muna saye, amma wannan karon shugabarmu ta ce a nemo shuɗi irin na rigar makarantarmu. Muka zaga Babbar Kasuwa kwana biyu kafin mu samu atamfa shuɗiya mai ɗigon fari da ta kai yawan da muke so: turmi 43, kowanne jika 9. Mu 38 ne, sauran biyar ɗin na ɗiyan ƙawayenmu da suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu.

Shagon yana bayan kasuwar Wadata, ɗaki biyu da rumfa a gaba. Mai shi Hajiya ce da ba za ta wuce sa'armu ba. Keken ɗinki shida gare ta da injin surfani ɗaya, teloli maza huɗu, da 'yan mata masu koyo da ke yin guga da ɗaura maɓalli. Tana da injin wuta nata, wanda duk mai zama Yamai ya san darajarsa a watan Afrilu da Mayu. Mun yi ciniki a jika 7 riga da zane da ɗankwali, mai son surfani a wuya ta cika jika 3. Rabin kuɗi a gaba, rabi in an kawo kaya.

Abin da ya fara kwantar min da hankali shi ne awo. Ba ta ce mu zo shago mu yi layi gaban teloli maza ba. Ita da kanta ta zo foyandinmu na watan Maris da igiyar awo da yarinya ɗaya mai rubutu, ta roƙi a ba ta ɗaki, muka riƙa shiga ɗaya bayan ɗaya. Ba ta faɗin awo da ƙarfi, nuna wa yarinyar take da yatsa a kan igiyar. Wanda bai kai shekarunmu ba zai ga wannan ƙaramin abu ne. Mu mun rabu muna 'yan shekara 16, 17, yau kowa jikinta ya ɗauki haihuwa da ciwo da shekaru. Akwai wadda aka yi wa aikin ƙirji shekara biyu da suka wuce, tun lokacin ba ta sa komai sai doguwar riga mai faɗi da hijabi, har ta ce mana ita a bar ta ta ɗaura zanen kawai. Hajiya ta rufe ƙofa, suka daɗe a ciki. Ban san abin da suka faɗa ba, ban kuma tambaya ba. Na dai ga rigar ranar taro, ta zauna mata daidai ko'ina, ta tsaya a sahun gaba a hoto, ita da kullum take neman baya. Yayarmu ta Doso kuma, da ɓarin jikinta ya shanye, Hajiya ta buɗe mata rigar ta gaba da manyan maɓallai don ta iya sawa da hannu ɗaya ba tare da ta kira jika ba. Babu wanda ya ce mata ta yi hakan. Tambaya ɗaya ta yi: “Yaya, wa ke sa miki kaya da safe?”

Na nesa ta ce ko dai su turo rigar da ta fi yi musu daidai a mota, ko telansu ya auna su, su karanto mata a saƙon murya ta WhatsApp. Waɗanda suka turo riga duk ɗinkinsu ya yi kyau. Cikin masu saƙon murya biyu sai da aka rage musu a daren taro. In za ku bi hanyarmu, ku turo riga.

Yanzu ga inda aka yi kuskure, kuma babba ne. Shagon ba ya ba da rasit, littafi ɗaya ne da yarinyar ke rubuta suna da awo. Mu kuwa masu suna ɗaya a ajinmu sun kai biyar. Sati biyu da kai kaya Hajiya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa, ta ce: “Madam, na yi ɓarna.” An yanka turmin wata doguwa da awon takwararta gajeriya. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san wahalar da muka sha kafin mu tara 43 iri ɗaya. Ba ta ɗora wa yarinya laifi ba, ba ta ce mu raba asara ba. Washegari cikin azumi ta shiga kasuwa da ƙyalle a hannu, shago bayan shago, har ta samo turmi ɗaya a jika 11, ta biya daga aljihunta. Da yamma ta zo gidana, na tarar da ita zaune da ma'ajiyarmu, ta ce: “Don Allah, ba ku da wata alama da za ta raba min ku, ban da suna?”

Ma'ajiyarmu ta yi shiru, sai ta ce: “Muna da lamba.”

Duk wadda ta yi makarantar kwana ta san abin da take nufi. Ranar da aka kai ki da akwatin ƙarfe da bokiti, kafin ki san gadonki, ana ba ki lamba. Ki zauna da allura da jan zare ki ɗinka ta a wuyan kowace riga, a gefen kowane zane, har zanen gado. Ni 47 ce. Na zo daga ƙauyenmu na bayan Tawa ban taɓa riƙe allura don rubutu ba, ina ɗinki ina kuka, bakwai ɗina ta karkace kamar lauje. Wata 'yar katiriyam, wato aji uku, ta karɓe rigar daga hannuna, ta warware, ta sake ɗinka min, daga ranar ta zama uwar ɗakina. Ita ta koya min ɓoye gari da ƙuliƙuli a ƙasan akwati don daren da tuwon makaranta bai ishe mu ba, ita ta nuna min yadda ake kwantar da riga ƙarƙashin katifa ta kwana ta miƙe ba tare da dutsen guga ba. Ranar Lahadi igiyoyin shanya su cika da shuɗi iri ɗaya, da zannuwan Sonitextil da iyayenmu ke saya mana, in ba don lambar nan ba babu mai gane nata. Surbeyanta, mai kula da ɗakin kwana, ma in za ta kama mai surutu bayan an kashe fitila, lamba take kira, ba suna ba. Ina tuna daren da labarin rasuwar shugaban ƙasa Kunce ya iso mana, cikin Nuwamban 1987, muna turwaziyam, ajinmu na ƙarshe. Aka tara mu a fili cikin sanyi, aka ƙirga mu da lamba kafin a faɗa mana.

A daren nan ma'ajiya ta jefa tambaya a zaurenmu na WhatsApp. Kafin sahur mutum 31 sun amsa. Ba a tsaya ga nasu ba, sai ga wannan na cewa ke 12 ce, gadonki kusa da taga, waccan na cewa 60 ce ta zubar da tukunyar wake. Lambobin mamatanmu biyar ma ba a yi minti goma ba aka kawo su. Matan da ke manta inda suka ajiye makullin gida, ga su suna zubo lambar shekara 39 ba tuntuɓe.

Mu dai abin da muka nema a rubuta lambar a littafi don kar a sake cakuɗa awo. Hajiya ta wuce nan. Ta sa 'yan matanta suka ɗinka wa kowa lambarta a cikin wuyan riga, da hannu, da jan zare, ba ta ƙara mana ko dala ba, ba ta kuma faɗa mana ba sai da muka buɗe leda. Wannan kaɗai ya sa zan sake komawa wurinta.

Amma ku ji sauran, don kar ku ce na ɓoye. Alkawarin lokaci bai cika ba. Mun yi da ita kaya za su fito kwana goma kafin taro. Ƙaramar Salla ta faɗo kamar sati uku kafin ranarmu, kuma duk da ta rantse mana ɗinkin Salla ba zai taɓa namu ba, ya taɓa. Na je shagon kwana biyar bayan Salla na tarar da rabin turamenmu a ɗaure ba a ko yanka ba, teloli biyu sun tafi gida hutu. Da ta gaya mana gaskiya tun farko da mun kai kaya tun Fabrairu. Abin ya fi shafar 'yan Tawa su bakwai. Mun so a aika musu nasu su gwada a gida, in akwai gyara telansu ya yi. Bai yiwu ba. Haka suka yi tafiyar nan ta kusan kilomita 550, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, suka sauka Yamai Juma'a da yamma a gajiye, maimakon su huta aka wuce da su Wadata gwaji. Har ƙarfe ɗayan dare ana kan keke, wuta ta ɗauke sau biyu, injin Hajiya ne ya fitar da mu. Mata masu hawan jini da ciwon ƙafa bai kamata a zaunar da su kan benci har wannan lokaci ba, kuma na faɗa mata haka a gabanta.

Surfanin ma ba duka ya yi daidai ba. Farin zarensu ya ƙare a tsakiyar aiki suka cika da wani mai ɗan ruwan madara, riguna huɗu sun fita daban in an tsaya cikin rana. Wuyan riguna uku ya yi faɗi fiye da yadda masu su suka ce, sai da suka rufe da gyale. Ɗinkin kansa kuwa mai ƙarfi ne. Nawa na wanke shi sau huɗu yanzu, babu inda ya buɗe, an kuma bar sarari a ciki don wadda za ta ƙara ko ta rage. Shawarata: ku kai kaya wata biyu cur kafin rana, ku duba inda azumi da layya suka faɗo a shekarar, ku riƙe naku littafin ban da nasu, kuma ku sa ta sayi zaren surfanin duka a rana ɗaya.

Taron a gidan shugabarmu aka yi, ƙarƙashin rumfa biyu. An ci dambu da zogale, 'yan Tawa sun zo da cuku, 'yan Damagaram da alkaki. Mun gayyaci tsohuwar malamarmu ta lissafi, ta zo da sanda, ta kama kowa ta duba fuska. Wasu ta gane, wasu sai da suka juya mata wuyan riga.

Bayan la'asar aka kira ɗiyan mamatanmu. Huɗu sun zo, ɗaya tana Agadas an aika mata. Ta ƙarshe ɗiyar aminiyata ce, wadda muka yi shekara huɗu gadonmu na jere, ta rasu wajen haihuwar wannan yarinya a 1999. Ba ta taɓa ganin uwarta ba sai a hoto ɗaya. Ta zo ta durƙusa gabana ta ce: “Inna, na ga wani rubutu a cikin rigata, 48, ko kuɗin ɗinkin ne?” Na ce mata ta zauna. Na juya wuyan tawa na nuna mata 47, na fara ba ta labari daga ranar akwatin ƙarfe. Har aka kira magariba ba mu kai ƙarshen siziyam ba, ta ce za ta zo foyandi na watan Yuni a ci gaba. Ta zo, da jika 2 ɗinta a hannu, ma'ajiya ta buɗe littafi ta rubuta ta a lambar uwarta.