Madubin zafi da na saya don farautar koyoti da dare, bayan na yi sanyi biyu da shi

Sanyi biyu kenan ina amfani da wannan madubin, na fita daji da shi ya fi dare ashirin, shi yasa naga yanzu ina da bakin magana a kansa. Madubin bindiga ne mai ganin zafin jiki, wanda a nan ake ce ma tamal, na saye shi dala 1,900 da ƴan kai, idonsa milimita 35, ƙarfin hotonsa (yawan ɗigon da ke haɗa hoton) 384 da 288, wato dai tsaka-tsaki ne, akwai na ƙasa da shi 256 akwai na sama 640 wanda kuɗinsa kan ninka wannan. Sunan kamfanin zan bar shi tunda akwai ƙorafin da zan yi.

Ni ba gadon farauta nayi ba. Ragon layya ne ya kai ni. Shekarun baya ina nema aka haɗa ni da wani dattijo mai kiwon awaki da tumaki a wajen San Angelo, yammacin Texas, yankin da shine cibiyar kiwon tumaki da awaki a jihar, kuma Texas ɗin ce ta fi kowace jiha a Amurka yawansu. Duk shekara ina zuwa har muka saba, wata rana da safe ya ɗauke ni a motarsa ya kai ni bakin shinge ya nuna min ɗan akuya da aka farke wa ciki, ga uwar tana zagaye tana kuka nono ya cika mata hantsa, yace wannan na huɗu kenan da koyoti ya kashe masa a satin. Wallahi duk wanda ya taso gidan da ake kiwo yasan yadda abun nan yake ci a rai.

Koyoti dai dilan Amurka ne, ya ɗan fi namu girma, kilo 10 zuwa 20 haka, bai kai kerkeci ba. Sunan daga yaren Aztek na ƙasar Meziko ya fito. Yana kowace jiha banda Hawaii, har cikin manyan birane irinsu Chicago zaka same shi, kuma shine kan gaba a dabbobin da ke kashe wa makiyaya tumaki a ƙasar nan. Wayo kuwa, duk abinda muke ji a tatsuniya na dila malamin daji to wannan ya gada har ya ƙara.

A Texas babu lokacin da aka rufe farautarsa, kuma an yarda a fita da dare a fili mai zaman kansa in mai filin ya baka izini, ga lasisin farauta a aljihunka. Sama da kashi 90 na ƙasar jihar a hannun mutane take, saboda haka in baka da wanda ya yarda da kai to babu inda zaka. Mu kafin mu fita dattijon yakan buga wa jami'in kula da namun daji na yankin waya ya sanar da shi, don kar maƙwabta su ji harbi tsakar dare su kira ƴan sanda. Kowace jiha da dokarta fa, Kansas ma sai 2021 suka fara yarda da irin wannan madubin a farautar koyoti, dan Allah ka duba ta inda kake.

To madubin kansa. Daren farko da na ɗora ido a kai gaskiya jikina sai da yayi sanyi, duhu ne wanda ko tafin hannunka baka gani amma a ciki ga zomaye nan fari tas suna tsalle, ga barewa kwance can gindin bishiya, har inda saniya ta kwanta ta tashi kana ganin shatin ɗuminta a ƙasa. Baya buƙatar wata ko tauraro kuma baya fitar da wani haske da dabba zata gani, zafin da jiki ke fitarwa kawai yake kamawa ya mayar hoto. Kafin shi jar tocila muke amfani da ita, ka riƙa haskawa har kaga ido biyu sun ƙyalla, tana aiki ba laifi kuma dala 100 da wani abu ta ishe ka, amma koyotin da aka taɓa harbi aka kuskure da yaga hasken nan ya tafi kenan. Ta wannan ɓangaren madubin ya biya kuɗinsa. Saitinsa ma bai taɓa gocewa ba, akan bindiga mai cin harsashin .223 na ɗora shi, na saita a yadi 100 kuma har yau yana nan inda na bar shi. Wajen saitin ne mutum zai ɗan sha mamaki don baya ganin zanen takarda, sai ka manna ƴar jakar nan ta ɗumama hannu a tsakiyar allon sannan ka sami abin nufa.

Matsalolin kuma ga su. Batir, a kwali sun rubuta awanni da yawa amma daren da sanyi ya sauka ƙasa da sifiri da ƙyar nake samun awa uku, dole na riƙa sa na biyu a aljihun ciki kusa da jiki. Sannan yana da wata ɗabi'a, lokaci lokaci zakaji ƙas hoton ya tsaya cak kamar daƙiƙa ɗaya yana gyara kansa, duk irinsu haka suke, amma sau biyu yana min haka daidai lokacin da dabba take tahowa, sai daga baya na gano ana iya mayar da shi sai ka danna da kanka. In akwai hazo ko laima a iska ko an yi kwana biyu ana yayyafi babu rana, komai sai ya zama zafinsa ɗaya, ƙasa da bishiya da shinge duk su haɗe su zama toka toka. Farkon dare kuma duwatsun yankin nan da suka sha rana suna haske kamar dabbobi a kwance, sai wajen ƙarfe sha ɗaya suke hucewa. Baya gani ta gilashi, kar ka ce zaka zauna cikin mota ka rufe taga kana dubawa. Kuma in ka cire ido daga kai idon nan ya makance na ɗan lokaci, ka rage hasken allon tun farko. Maɓallinsa ɗaya ya taɓa maƙalewa na aika musu, garanti ya ɗauka ban biya ko sisi ba amma sati bakwai yayi a hannunsu kuma a tsakiyar lokacin haihuwar awaki, wannan ya ɓata min rai sosai.

Amma duk waɗannan ƙanana ne akan abinda yasa na zauna rubuta wannan. Cikin watan Fabrairu ne, lokacin barbarar koyoti, lokacin da suka fi amsa kira. Mun zauna ni da ɗan dattijon, mun kunna kukan zomo a na'urar kiran koyoti kamar minti goma sai ga wani farin abu ya ɓullo daga cikin ƙaya can wajen yadi 250 yana tahowa kai tsaye. Girman ya yi, tafiyar ta yi, na zuƙo hoton sai ya ƙara dagulewa ya zama ƴan murabba'ai don zuƙowar irin wannan madubin hoton kawai take buɗawa bata ƙara komai. Na cire makullin bindiga yatsana na kusa da kunama, yaron ya dafa kafaɗata a hankali yace dakata tukuna. Muka jira. Da ya matso yadi ɗari da wani abu sai naga jelar a sama a lanƙwashe, ga faɗin ƙirji. Karen gadin awakinsu ne, irin manyan fararen nan da ake kira Great Pyrenees masu kwana cikin garke, ya ji kukan zomo ya tsallako shinge ya zo dubawa. Inna lillahi, har muka koma gida hannuna bai daina rawa ba. Karen nan shekara shida yana tsare musu dukiya, da wane ido zan kalli tsohon da ya yarda dani ya buɗe min ƙofar filinsa.

A talla zasu ce maka yana hango dabba daga yadi dubu da ɗoriya, kuma gaskiya ne yana hangowa, ɗigon fari zaka gani. Amma ka iya rantsewa cewa wannan koyoti ne ba kare ba, ba ɗan maraƙi ba, ba ɗan barewa ba, a nawa madubin ni dai ban yarda da kaina ba in ya wuce yadi 150, kuma ko a nan sai na kalli tafiyarsa na ɗan lokaci. Koyoti in yana sassarfa jelarsa a ƙasa take, yana tafe yana tsayawa yana ɗaga hanci, kare kuwa gaba gaɗi yake zuwa. Wannan sai da zama da kallo ake koyonsa, dare nawa na fita ban harba ko ɗaya ba ina kallonsu kawai kuma ban ɗauke su asara ba.

Daga ranar na canza abu biyu. Na farko na daina leƙen daji da madubin da ke kan bindiga, domin in kana haka duk abinda ka kalla ka nuna shi da bakin bindiga kenan, saniya ce ko gidan maƙwabci ko mutum. Na sayi ƙaramin na hannu wanda ake ratayawa a wuya, da shi nake dubawa, sai na tabbatar sannan in hau kan bindiga. Da zan sake farawa da shi zan fara saya kafin na bindigar, in haɗa da jar tocila in yi shekara a haka. Na biyu, kafin mu fita sai an tabbatar inda karnuka suke da filin da shanu suka kwana.

Sauran kayan a taƙaice. Sanda mai ƙafa uku da ake ɗora bindiga a kai, kar ka yi rowa a nan, na fara da mai araha tana rawa ko iska ce ta kaɗa, a tsaye ake harbin dare saboda ciyawa kuma bindiga da madubi nauyi ne da su. Na'urar kira ta FOXPRO nake amfani da ita mai rimot, bani da abin cewa a kanta sai alheri, kukan zomo da kukan ɗan koyoti da haushinsu duk akwai, ina ajiye ta kamar yadi 40 daga inda nake. Amma fa wata ƴar kwalbar hoda ta dala biyar da nake fesawa in ga inda iska ta nufa, ita ce ke yanke hukuncin daren. Koyoti kusan kullum sai ya zagayo ta inda iska zata kawo masa warin abin da ke kuka, in warinka ya riga isa gare shi ko madubin dala dubu goma ne da kai bayansa kawai zaka gani. Minti 20 zuwa 30 muke yi a wuri, in shiru mu tashi mu ƙara gaba.

Ƴan uwa na gida da suke cewa in taho musu da irinsa saboda dila ko ɓarayin dabbobi, ku yi haƙuri, kayan nan suna ƙarƙashin dokar fitar da kaya ta Amurka, ba a jefa shi cikin akwati a hau jirgi sai da izinin hukuma, kuma da halin tsaron da ake ciki a arewa ba abu bane da zan so a kama wani nawa da shi.

Wani zai ce to tunda ba ci ake ba meye na kashewa. Nima abun yana damuna, shi yasa bana zuwa gasar da ake yi ta wanda ya fi kashewa da yawa, kuma bana fita sai dattijon ya kira yace an fara ɗauke masa ƴaƴan awaki. Shi da kansa yace min shekara arba'in yana harbinsu basu ƙare ba, in ka rage su wasu ne zasu shigo filin, karnuka da shinge mai kyau sune suke rage masa asara, harbi na wanda ya riga ya koyi cin akuya ne. A sanyi biyun nan guda tara na harba, duka a filayen da ake haihuwa.

In tauraro biyar ne zan ba madubin uku da rabi. Mai kiwo ko mai taya mai kiwo tsaro a fili mai ƙaya da bishiyoyi inda harbi baya wuce yadi 150, 384 ya ishe shi. In filinka shimfiɗaɗɗe ne kana hango nesa ka daure ka tara kuɗin 640. Nawa dai ba zan sayar ba, jiya ma na cajo batiran duka biyu don tsohon ya bugo yace awakin sun fara haihuwa kuma ya ga sawu a bakin shingen arewa, ranar Juma'a bayan isha'i zan kama hanya in sha Allah.