Haibirid ko motar fetur zalla a Abuja?

Duk mai fitowa daga Mararaba da safe ya san cunkoson Nyanya. A nan motar fetur zalla take shan mai tana tsaye cak. Ita kuwa haibirid, wato mota mai aiki da fetur da batir, irin Toyota Prius, injinta kan mutu da kansa, batir ya ja ta a hankali, kuma birkin da ka taka caji yake mayar wa batirin. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Amma ta fetur, kusan kowane makaniki a Apo ya san cikinta. Batirin haibirid in ya gaji, sai an nemo gwani, kuma da tsada. Ni dai zirga-zirgata cikin gari ce, haibirid zan ɗauka.