Ƙarfen kariya: na kamfani ko na mai walda? Amsa ga mai Ténéré 700

Assalamu alaikum. Ɗan'uwanmu da ya sayi Yamaha Ténéré 700 tokumbo ya yi tambaya jiya da dare. Ya ce yana shirin hawa Mambila da zarar damina ta ɗauke, ga shi babur ɗin ya zo tsirara, babu ƙarfen kariya ko ɗaya a jikinsa, wato bututun ƙarfen da ake ɗaurawa a gefen inji don ya kare shi in babur ya faɗi. Shin ya yi odar na kamfani daga waje, ya biya kuɗin jirgi da na kwastan ya zauna jira, ko kuwa ya shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ya sayi bututu ya kai wa mai walda ya ƙera masa a kwana biyu? Na taɓa ɗaura duka biyun a babura na, shi ya sa na ga ya kamata in faɗi abin da na gani.

Ɗan'uwa, kafin maganar wa zai ƙera, mu fara duba abin da kake son karewa. Babur ɗinka da cikakken tanki na lita 16 yana kai kilo 204 ko kusa da haka, kuma kujerarsa ta kai milimita 875 daga ƙasa. Dogo ne mai nauyi. Ranar da ƙafarka ta nemi ƙasa a kan gangara ta rasa, ba ka isa ka tare shi ba, sai dai ka sake shi. Irin wannan faɗuwar, ta tsaye ko ta tafiyar hawainiya a cikin yashi da taɓo, ita ce aka yi ƙarfen kariya dominta. In ya kwanta ta dama, famfon ruwan injin da robar da ke kai masa ruwa suna nan a fili tare da murfin kulochi. In ta hagu ne, murfin janareta ne zai sha dutse. Sama kaɗan kuma lagireto ne a bayan robobin gefe. Ko ɗaya daga cikinsu ya fashe a hawan Mambila da ke tsakanin Mayo Selbe da Nguroje, tafiya ta ƙare, sai neman motar da za ta ɗauko ka.

To, ga inda mutane ke kuskure. Suna auna ƙarfen kariya da kauri: a ƙwanƙwasa shi, a ji ya yi nauyi, a ce wannan ko tirela ta taka ba zai lanƙwashe ba. Ni kuwa abin da nake fara tambaya shi ne, in babur ya faɗi, ina ƙarfin bugun zai tafi? Bugu ba ya ɓacewa. Ko dai bututun ya lanƙwashe ya shanye shi, ko ya miƙa shi ga wurin da aka ɗaure shi. Wurin ɗaurin nan kuwa ƙusoshin da ke riƙe injin da firam ne. Nan ne bambancin na kamfani da na mai walda yake, ba a ƙyalli ba.

Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a, irin su SW-Motech da Hepco & Becker da Touratech na Jamus, da Givi na Italiya, da AltRider na Amurka, suna ƙera wa kowane samfurin babur nasa daban. Bututunsu yawanci faɗinsa tsakanin milimita 22 zuwa 28 ne, kaurin bangonsa kuma kusan milimita 2. Ba wani jibgegen ƙarfe ba ne, ka riƙe shi a hannu ma sai ka ji kamar an cuce ka. Amma duba yadda aka raba ɗaurinsa: wuri biyu ko uku a kowane gefe, kuma da yawa daga cikinsu akwai sandar da ke haɗa dama da hagu ta gaban injin, don in gefe ɗaya ya sha ƙasa ɗaya gefen ya taya shi ɗauka. Suna zuwa da ƙusoshinsu masu tsawon da ya dace, da 'yan zobban da ke cike tazara, da takardar da ta faɗi ƙarfin ɗaurin kowace ƙusa. Wasu na baƙin ƙarfe ne da fentin garin nan da ake gasawa, wasu na ƙarfen da ba ya tsatsa. In baƙin ƙarfe ne, duk inda ya kuje ka shafa masa fenti kafin ruwa ya same shi, shi ke nan.

Aibinsu a bayyane yake. Kuɗi, ga canjin dala, ga nauyin kaya a jirgi, ga jira. Sannan ba duka suke ɗaya ba, har a cikinsu akwai wanda ya matso lagireto da yawa, in ya lanƙwashe sai ya taɓa abin da aka sa shi ya tsare. Kafin ka biya, nemi hoton ƙarfen a jikin irin babur ɗinka, na shekarar da aka yi naka, ka ƙirga wuraren ɗauri, ka duba ko akwai sandar tsakiya. Tun 2019 ake sayar da Ténéré 700, an kuma fitar da ire-irensa masu babban tanki da wata sura daban, ƙarfen wannan ba lallai ya hau wancan ba.

Yanzu na mai walda. Ba na raina masu waldarmu, ko kusa. Mutanen da ke tayar da bodin tifa daga tsurar ƙarfe, su ƙera injin markaɗe da ido kawai, ba bututu huɗu ne zai gagare su ba. Matsalar ita ce ba a ba su abin da aikin ke buƙata: ba su da ma'aunin babur ɗin, ba su taɓa ganin yadda yake faɗuwa ba, kuma mai babur yana tsaye a kansu yana cewa a sa mai kauri.

Ni ma haka na ce. Shekarun baya ina da wani babur mai inji cc 650, na kai shi wajen wani mai walda, mutumin kirki mai hannu. Na zaɓi bututu mafi kauri da na gani, ya lanƙwasa shi da wutar gas, ya yi masa kunnuwa biyu na farantin ƙarfe, ya ɗaure ɗaya a firam, ɗaya a ƙusar injin ta ƙasa. Ya yi kyau, har mutane na tambaya ta a ina na saya. Wata rana a wata hanyar burji tayar gaba ta nutse a yashi, ina tafiya a giya ta ɗaya, babur ya kwanta ta hagu a kan wani tudun marmara. Na tashi na kakkaɓe wando, na duba ƙarfen, ko gezau, fenti kawai ya ɗan goge. Na yi hamdala na ɗaga babur. Sai na ga ɗigon baƙin mai a kan jar ƙasa, ɗaya, biyu, uku. Na durƙusa na leƙa. Kunnen alminiyon da ƙusar ta ratsa a jikin injin ya tsage, tsagar siririya kamar gashi, ta gangara har cikin kaskon. Ƙarfen ya tsira, ya miƙa wa injin bugun gaba ɗaya. Garin neman gira na rasa ido. Sai da aka sauke injin aka kai shi inda ake waldar alminiyon, kuma har na rabu da babur ɗin wurin bai daina naso ba.

Laifin nawa ne fiye da nasa. Shi ya yi abin da na ce.

Saboda haka in ka auna su biyun, a wajen sauri da sauƙin kuɗi mai walda ya yi gaba, babu musu. A wajen gyara ma shi ne, domin ko na kamfanin ne ya lanƙwashe, wurinsa za ka kai ya miƙe maka shi. Amma a wajen sanin inda bugu zai sauka, na kamfani ya fi, kuma wannan shi ne dalilin ɗaura ƙarfen tun farko. Shawarata gare ka, tunda babur ɗin nan ba a samun kayan gyaransa a kowace kasuwa, ka yi haƙuri ka sayi na kamfani, na ƙasa kawai, mai sandar tsakiya, wanda ya rufe famfon ruwa. Na sama da ke zagaye robobi da lagireto yana da amfani ga wanda yake sabo a hanyar daji, sai dai yana ƙara kiloli a saman babur ɗin da dama can dogo ne, kuma nauyin sama shi ke sa babur saurin rinjayar mai shi. In kuɗi bai kai na saman ba, sa ragowar a garkuwar ƙasan injin da kariyar hannu mai ƙarfe a ciki. Hannun kulochi da na birki su ne farkon karyewa a kowace faɗuwa.

Akwai na uku da ban so in tsawaita a kai ba: masu araha na intanet, marasa suna, da aka kwaikwayi surar na kamfani. Sau da yawa ramukansu ba sa haɗuwa da na babur, ƙusoshinsu kuma laushi gare su. Duba kan ƙusa, in ba ka ga lambar ƙarfinta, 8.8 ko 10.9, a rubuce ba, kada ta shiga injinka.

In kuma hali ya sa dole sai mai walda, to da sharaɗi. Kada wuta ta taɓa firam ɗinka. Zafin walda yana raunana ƙarfen da ke kewaye da ɗinkin, kuma firam ɗin Ténéré 700 haɗe yake da na baya, ba a kwance shi da sifana, in ya lalace babbar asara ce. A gwada a jikin babur, a yi alama, a cire a je gefe a yi walda, a dawo a ɗaura da ƙusa. Walda ta lantarki a jikin babur mai ƙwaƙwalwa da birkin ABS tana iya ƙona su, ko da makulli na kashe. Kada a yi amfani da bututun ruwa mai farin rufi, ba don wannan aikin aka yi shi ba, hayaƙinsa ma yana cutar da mai waldar. A nemi baƙin bututu mai kaurin bango kusan milimita 2, a raba ɗauri wuri uku, a haɗa dama da hagu. Mafi kyau ma, in wani a cikinmu yana da na kamfani a irin babur ɗinka, a roƙe shi aro na yini ɗaya mai walda ya ɗauki ma'auni.

Ɗaurawa kuma, ko wanne ka zaɓa, ita ce rabin aikin, kuma a nan na ga an lalata ƙarfe mai tsada. Ka tsaya a kan bakanikenka. A tokare injin ta ƙasa da jak da guntun katako kafin a zare ƙusar da ke riƙe shi, in ba haka ba zai ɗan sauka, ramuka su goce, a fara dukan ƙusa da guduma har haƙoranta su cinye. A gama gefe ɗaya kafin a kwance ɗayan. Kowace ƙusa a fara shigar da ita da yatsu, ta zagaya sau uku ko huɗu ba gardama, duka a bar su sako-sako har sai ƙarfen ya zauna daidai, sannan a bi su ɗaya bayan ɗaya ana ƙara matsewa. Ɗaurin ƙarshe da sifana mai awo ake yi, a kan lambar da takarda ko littafin babur ya faɗa. Ramin da ke cikin alminiyon ba ya jure ɗaurin ƙarfin damtse, in bakanike ya sa bututu a sifana ya danna da ƙafa, haƙoran ramin ne za su fito. A ɗiga shuɗin gam na ƙusa, Loctite 243, kada a sa jan, shi sai da wuta yake kwancewa.

In an gama, kada ka hau tukuna. Juya kan babur har ƙarshe dama da hagu, ka tabbata bai taɓa ba. Kama birkin gaba ka danna shokazoba da ƙarfi ka ga ko madigadi zai daki sandar tsakiya. Zura yatsa tsakanin ƙarfen da robar ruwa, da bututun salansa, da wayoyi, kowanne ya sami sarari. Taka birkin baya, sa giya da takalmin da za ka yi tafiyar da shi. Duba ko filtar mai za ta fita ba sai an kwance komai ba.

Abu ɗaya da nake so ka riƙe, domin na ga matasa suna sakankancewa: wannan ƙarfe babur yake karewa, ba ƙafarka ba. Yakan bar ɗan sarari tsakanin injin da ƙasa, ya kuma ba ka wurin kamawa in za ka ɗaga, amma a faɗuwar gudu kan kwalta ba shi da alkawari. Takalmi mai rufe ƙauri da hular kwano ba su da madadi.

Yi odar tun yanzu don ya iso da sauran lokaci. In ka ɗaura, yi 'yan kwanaki kana yawo da shi a hanyar burji kusa da gida, bayan kamar kilomita 100 ka sake bin ƙusoshin da sifana. Ranar tafiya kuma ka sa makullan da suka dace da su a jaka, in ka kwana a Jalingo ko Serti ka sake taɓa su da safe kafin ka fuskanci dutsen. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.