Aswakin leda: amfaninsa da iyakarsa

Aswakin da ake sayarwa a rufe cikin leda, wanda ake samu a bakin masallatan Juma'a da shagunan magungunan Musulunci da kuma cikin tsarabar alhazai, ana yanko shi ne daga itacen da Larabawa ke kira arak, masana tsirrai kuma suke kira Salvadora persica. Na daɗe ina amfani da shi, kuma ra'ayina shi ne ya cancanci kuɗinsa, matuƙar mai saye ya san inda aikinsa ya tsaya.

Babban abin da ya fifita shi a kan wanda ake kasawa a faranti shi ne danshi. Idan aka yage ledar, za a tarar da shi da taushi da ɗan ƙamshi mai yaji, kuma da zarar an kankare ɓawon bakinsa kamar tsawon farce aka ɗan tauna, sai ya baje ya zama gashi mai laushi wanda ba ya yankar dasashi. Wannan yajin da ke ɗan cizon harshe alama ce ta cewa sinadaran da ke yaƙi da ƙwayoyin cutar baki ba su gushe ba. Busasshen aswaki kuwa sai an jiƙa shi a ruwa, kuma ko an jiƙa, gashinsa yakan karye ya maƙale a tsakanin haƙora. Ga mai yawan cin goro ko shan shayi, gogawa a lokacin kowace alwala tana rage dattin da ke taruwa a gaban haƙora, sannan ga ladan raya sunna.

Sai dai akwai wuraren da ba ya kaiwa. Gashinsa a miƙe yake da sandar, saboda haka yana da wuya ya shiga bayan haƙoran ƙasa ko ya zagaye turamen can ciki, alhali a turamen ne kogon haƙori ya fi farawa. Haka kuma ba ya maye gurbin man goge baki mai fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓewa, wanda likitocin haƙori ke so ya kai ma'aunin 1,350 zuwa 1,500 ppm (wato kashi cikin miliyan) ga manya, a goge da shi sau biyu a rana na tsawon minti biyu, a tofar ba tare da an kurkure baki nan take ba. Ina jin takaici idan na ga magidanci ya watsar da buroshi gaba ɗaya, yana ganin aswaki ya wadatar, bayan ya wuni yana shan lemon kwalba.

Yadda ake riƙe shi ma abin lura ne. Masu dirza da ƙarfi daga hagu zuwa dama suna sa dasashi ya janye a hankali, wuyan haƙori ya fito fili, har ruwan sanyi ya riƙa yi musu tsami. Gara a goga a hankali, daga dasashi zuwa bakin haƙori. Ya kamata a riƙa yanke kan da ya baje kullum ko bayan kwana biyu, a wanke shi, a bar shi ya sha iska, domin mayar da shi cikin leda da jiƙarsa yana jawo funfuna.

Wajen saye, ina zaɓar mai kaurin ɗan yatsa ƙarami wanda ledarsa ta manne masa ba iska a ciki, kuma ina guje wa wanda aka zuba wa ɗanɗanon lemo ko na'a-na'a, saboda ƙamshin yakan ɓoye tsufansa. Wanda dasashinsa ke zubar da jini duk lokacin da ya goga, to ya je asibitin haƙori a duba shi kafin ya canza wani aswakin.