Abin da ya kamata a saya kafin a dafa shir kurma, taliyar madara ta ƙaramar salla a Pakistan

A gidajen Karachi da Lahore, da safiyar ƙaramar salla ana tarbar baƙi da kwanon shir kurma, wato siririyar taliya da aka dafa cikin madara da dabino, har mutanen ƙasar suna kiran wannan salla da “salla mai zaƙi”. Sunan ya fito ne daga Farisanci, inda “shir” yake nufin madara, “kurma” kuma dabino. Girkin ba shi da wahala, amma yakan lalace tun daga kasuwa idan aka sayi abin da bai dace ba.

Taliyar ita ce matakin farko. Wadda ake kira sebiyan da garin alkama ake yinta, kuma siririya ce kamar zaren ɗinki, tana karyewa da zarar an murza ta a tafin hannu. Ana sayar da ita iri biyu: gasasshiya mai launin ƙasa-ƙasa, da ɗanya mai haske. Gasasshiyar ta fi sauƙi ga mai koyo, domin minti ɗaya ko biyu a cikin mai ya ishe ta, yayin da ɗanyar take bukatar a tsaya a kanta ana juyawa a kan wuta kaɗan, kuma daga launin zinariya zuwa ƙonewa ɗan ƙiftawar ido ne. Duk da haka wadda aka soya a gida ta fi ƙamshi. Kada a ruɗu da farar taliyar shinkafa ta Sin ko Tailan, domin ba ta soyuwa yadda ake so kuma takan yi lugub a cikin madara. Taliyar sufageti ma ta yi kauri da yawa, ko da an kakkarya ta. Ƙulli ɗaya na giram 150 yakan ishi lita 2 na madara, saboda taliyar tana ci gaba da shan ruwa bayan an sauke tukunya.

A kan madara ne ya kamata kuɗin mai saye ya tafi. A Pakistan madarar ɓaunar da ake kiwo a gida, mai yawan maiƙo, ake yawan amfani da ita, ana barinta a wuta har ta yi kauri ta ragu. Wanda ya samu sabuwar tatsar shanu ya fi kusa da wannan ɗanɗano. Idan madarar gari za a saya, a karanta jikin gwangwanin, domin akwai wadda aka cire maiƙonta aka maye gurbinsa da man itatuwa, kuma ita ba ta ba da kaurin da ake nema. Madarar gwangwani mai sukari tana rage lokacin girki sosai, sai dai idan an zuba ta dole a rage sukari ko a bar shi gaba ɗaya.

Dabinon da aka saba da shi a wannan girki busasshe ne, wanda suke kira chuhara, ana jiƙa shi tun dare a yayyanka shi da safe. Busasshen dabinon da ake kawowa daga yankin Agadas yana yin wannan aiki daidai, kuma ya fi ɗanyen dabino mai laushi, wanda yakan narke ya dagula launin madarar. Man soyawa kuwa tataccen man shanu ne. Na gida yana yi, muddin ba wanda aka soya da albasa ba ne, domin ƙamshin miya zai biyo shi har cikin kwano.

Sauran kayan gwargwadon aljihu ne. Kadamon kore, wanda ake sa wa shayi da gahawa, shi ne ba a bari, kuma gara a sayi mai kwanso a daka da kai, saboda garinsa yana saurin rasa ƙamshi. Ƴaƴan almon da fistashiyo da zabibi suna ƙara armashi, yazawa kuma tana iya tsayawa a madadinsu. Za’afaran yana da tsada, na jabu ya yi yawa, kuma rashinsa ba ya rage komai a ganina.

Akwai kuma haɗaɗɗen kwali irin na kamfanonin Shan da Laziza, wanda madara kawai ake zuba masa. Yana da amfani ga mai son ɗanɗanawa karon farko ko mai baƙi biyu ko uku, amma ga gidan da zai cika da dangi, sayen kwali biyar ko shida ya fi tsada a kan sayen kayan daban-daban, kuma ba a iya rage zaƙinsa tunda sukarin yana ciki. Mai girkin taro ya ajiye rabin lita na madara a gefe, ya ɗumama ya zuba lokacin da za a raba, domin shir kurmar da aka dafa da asuba takan daskare kafin a dawo daga idi.