Teburi da kantar littafi na filawud, bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya

Da gangan na ƙi yin wannan sharhi lokacin da na gama aikin, domin katako ba ya nuna halinsa ranar da aka haɗa shi, sai ya sha damina ya sha hunturu. Yanzu teburina da kantar littattafaina sun zagaya shekara, ina da abin faɗa.

Ɗakin karatuna ƙarami ne. Duk teburin da na gani a wajen masu kayan ɗaki, ko dai ya fi ƙarfin wurin, ko kuma na MDF ne. Shi MDF garin katako ne aka matse da gam. Yana da santsi da kyan gani, amma da ruwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura, kuma sukuru in ya zame sau ɗaya ba ya ƙara kamawa da kyau. Filawud kuwa siraran yankan katako ne aka jera aka manne, kowanne ya gitta wa na ƙasansa, shi ya sa ba ya saurin tsagewa ko karkacewa.

Na je 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano tare da wani dattijon kafinta maƙwabcina, kuma zuwansa ya fi mini komai amfani. Ni fuskar allon nake shafawa, shi kuwa gefe yake leƙawa. Ya ce mini, "Malam, fuska ta mai sayarwa ce, baki shi ne naka." Ya nuna mini yadda ake ƙirga layukan da ke gefen, a duba ko akwai rami a tsakani ko inda yanka ya hau kan ɗan'uwansa. Ya sa aka jingine allon muka hange shi daga ƙarshe ko ya lanƙwashe. Mun ajiye guda huɗu kafin ya yarda da biyu. Na sayi biyu masu kaurin milimita 18, wanda kafintoci ke kira tiri-kwata, da ɗaya siriri mai milimita 6 na bayan kanta. Kowane allo ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato kusan santimita 122 da 244.

Yanka a injin na bayar aka yi. Zarton hannu yana ɓantare fuskar filawud, kuma layi ba ya miƙewa sai ga gwani. Allo ɗaya aka tsaga shi gida huɗu ta tsawo, kowane ya yi kusan santimita 30, daidai zurfin kanta. Ɗayan aka fitar da saman teburi, santimita 120 da 60, da ɓangarorin da za su zama ƙafafu. Tsayin teburin 75 na yi, ban taɓa jin ciwon kafaɗa a kansa ba. Haɗawa ni na yi da kaina a tsakar gida cikin kwana biyu, da gam ɗin Top Bond da sukuru. Duk inda sukuru zai shiga ta gefen allo sai na fara huda masa hanya, in ba haka ba yakan buɗe layukan.

Teburin bai ba ni matsala ko ɗaya ba. Ya ɗauki kwamfuta da firinta da tulin takardun ɗalibai, yaran gida sun hau kansa, bai yi ko ƙara ba. Da iskar hunturu ta bushe komai har ƙofar ɗakina ta katako ta fara buɗe baki, shi ko gezau.

Kantar ce ta koya mini karatu. Na yi faɗinta santimita 100 babu tokari a tsakiya, na cika ta da manyan littattafai masu bangon kwali. Kafin watan Agusta ya fita, hawa biyu na tsakiya sun yi ciki, ana gani da ido. Laimar damina da nauyi ne suka haɗu. Na sauke littattafan, na juya allunan, na manna wa kowanne siririn katako a tsaye ta gaba, daga nan ba su sake ba. Da zan sake yi, ba zan wuce 75 ko 80 ba.

Abin da bai gamsar da ni ba shi ne gefen allon. Yana shan banish kamar ƙasa mai ƙishi, kuma sai da na goge da samfefa sau uku kafin ya daina kama riga. Fuskar saman kuma siririya ce ƙwarai, in ka matsa guga za ka huda ta zuwa layin ƙasa. Na yi hakan a kusurwa ɗaya, tabon yana nan.

Saboda gara na shafa wa ƙafafun maganin katako na Solignum, na bar su a waje kwana uku warin ya fita, sannan na ɗora su kan 'yan robobi don kada ruwan gugar ɗaki ya riƙa taɓa su. Har yau ban ga ko burbushi ba. Ragowar allon na jingine a bayan ƙofa, uwargida ta riga ta auna bangon kicin inda take son kantar tukwane.