Fim ɗin Prometheus a shagunan tura fina-finai na Katsina: kwafin da ya dace da abin da ake musu a kansa

Cikin fina-finan sararin samaniya da ake turawa a memori da filash a Katsina, daga shagunan Ƙofar Ƙaura har na wajen babbar kasuwa, kaɗan ne ke raba kan majalisa kamar Prometheus na Ridley Scott, wanda ya fito a 2012. Wani zai ce maka bai taɓa ganin hoto mai kyansa ba, na kusa da shi kuma ya ce asarar caji ce kawai. Idan ka bi diddigi, sai ka tarar rabin musun daga kwafin da aka tura wa kowannensu ya taso, rabin kuma daga labarin kansa. Wanda bai kalla ba ya sani za a fasa ƙwai a ƙasa.

Mu fara da kayan. Tsawon fim ɗin minti 124 ne, kuma yawancinsa a cikin duhu aka ɗauka: kogo, rami, fitilar kwalkwali, baƙin ruwa yana tsattsafowa daga tuluna. Kwafin da yaran shago suka fi turawa shi ne ƙarami, mai kamar megabait 300, don ya shiga waya da sauri. Raba 300 gida 124, kowane minti bai kai megabait biyu da rabi ba, hoto da sauti duka. Manhajar da ke matse fayil tana fara zubar da bayanan wuraren duhu ne, saboda ta ɗauka ido ba ya lura da su. A fim ɗin da aka yi da rana ba ka ganin ɓarnar sosai, amma a nan sai bangon ɗakin tulunan ya koma dabbare-dabbare masu murabba'i, zanen da ke jikin rufin ya ɓace gaba ɗaya, ƙaton kan dutsen nan mai siffar fuskar mutum ya zama inuwa kawai. Wanda ya kalli wannan a waya da rana tsaka, yana da hujjar cewa bai ga komai ba.

Mafi ƙarancin abin da ya kamata a karɓa shi ne 720p mai kusan gigabait ɗaya. Idan a talabijin mai inci 32 ko sama za a kalla, a nemi 1080p mai gigabait biyu zuwa uku. Kar a zarce huɗu, domin yawancin filash a tsarin FAT32 suke zuwa, shi kuwa ba ya karɓar fayil guda da ya haura gigabait 4. Turawa za ta tsaya ko ta ƙi farawa, yaron shago ya ce filash ɗinka ne ya lalace alhali lafiyarsa lau. A kuma duba sunan fayil ɗin. Idan akwai x265 ko HEVC a ciki, tsofaffin talabijin da yawa ba sa buɗe shi, x264 ya fi aminci. Idan akwai SBS, kwafin 3D ne, hoto zai fito biyu kafaɗa da kafaɗa a matse, domin asali da kyamarorin 3D aka ɗauki fim ɗin. Idan akwai CAM, a silima aka ɗauko shi da kyamarar hannu, a bar musu kayansu.

Sauti ma yana da nasa tarkon. Kwafi mai DTS yakan fito da hoto babu murya a talabijin da yawa. Mai 5.1 kuma, maganar 'yan wasa tana kan layin tsakiya ne, idan sifika biyu gare ka sai magana ta yi ƙasa, ka ƙara murya, guguwa ta taso ta tashi maƙwabta. A nemi mai AAC na layi biyu. Fayil ɗin rubutun ƙasa, mai ƙarewa da srt, dole sunansa ya zama daidai da na fim ɗin kuma su zauna wuri ɗaya. Idan rubutun ya fara daidai amma yana zamewa a hankali har ya yi nisa da magana, an haɗa na kwafi mai hoto 25 a daƙiƙa da na mai 23.976, gyara da hannu ba zai yi ba, a canzo wani. Idan tazarar ba ta canzawa daga farko har ƙarshe, maɓallin G da H a VLC na kwamfuta suna daidaita ta.

Kafin a bar shago, ga gwaji mai sauƙi. Ka ce wa yaron, "Abokina, kai mini shi wajen da suka shiga ɗakin tuluna." Idan kana iya rarrabe tulu ɗaya da na kusa da shi, kuma baƙin bango bai yi layi-layi ba, kwafin ya yi. Baƙin da ke sama da ƙasan allo ba lahani ba ne, an ɗauki fim ɗin da faɗin 2.39 ne, don haka kusan kashi ɗaya cikin huɗu na tsayin talabijin zai zauna fanko. Masu danna maɓallin cika allo suna yanke gefe da gefe ne. A nan ya kamata a faɗi gaskiya guda: mafi yawan waɗannan kwafi ba da izinin masu fim ɗin ake tura su ba, kuma babu wanda ya kai faifan Blu-ray na asali kyau, wanda ke ɗauke da fiye da rabin awa na fitowar da aka cire.

To, sai labarin. An yi shi ne a matsayin share fagen Alien na 1979, wanda shi ma Scott ya ba da umarninsa. A wancan, uku daga cikin ma'aikata bakwai na jirgin dakon kaya Nostromo sun tarar da wani ƙaton matuƙi ya bushe a kan kujerarsa, ƙirjinsa a fashe, a wata duniya mai suna LV-426. Shekara talatin da uku masu kallo suna tambayar ko wane ne shi. Bayan fitowar buɗewa, Prometheus ya koma shekarar 2089, inda Elizabeth Shaw da Charlie Holloway suka gano zanen taurari a wani kogo na tsibirin Skye a Skotlan. Kamfanin Weyland ya ɗauki nauyin tafiya, mutum 17 suka isa wata duniya mai suna LV-223 a Disambar 2093, suna neman waɗanda Shaw ta yi imani su suka ƙera ɗan Adam, ta kira su Injiniyoyi.

A lura da lambar: 223, ba 426 ba. Nan ne masu ƙorafi na farko suke tsayawa, kuma suna da gaskiya ta wani gefen. Kumbon da ya faɗo a ƙarshen Prometheus ba shi ne na Alien ba, Injiniyan da ƙirjinsa ya fashe ma ba a kan kujera ya mutu ba. Rubutun farko na Jon Spaihts ya fi kusa da Alien kai tsaye, Damon Lindelof ne ya sake shi ya nisanta shi. Har yanzu ana ganin ɗinkin. Fim ɗin yana ta yi maka alama da dodon da ka sani, zane a bango, tuluna a jere kamar ƙwai, amma ba ya ba ka shi sai wani ɗan'uwansa mai tsinin kai a minti na ƙarshe. Wanda ya zo neman ekta da bos zai tashi da yunwa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, shi ne wautar masana. Fifield masanin duwatsu ne, shi ya saki ƙwallayen nan masu jan haske da ke zana taswirar ramin, taswirar tana tsaye ɓaro-ɓaro a ɗakin matuƙa, amma shi ne ya ɓata a hanya. Millburn masanin halittu ne, ya tsorata da gawar da ta shekara dubu biyu a yashe har ya gudu, daga baya kuma ya ga abu mai kama da gamsheƙa ya fasa kai, ya miƙa masa hannu yana lallashi. A majalisun Katsina nan ake cewa, "Wai mi ya kai shi? Ko yaron ƙauye ya san in maciji ya fasa kai ba gaisuwa yake ba." Holloway ya cire kwalkwalinsa don na'ura ta ce iskar tana shaƙuwa, bai tambayi ƙwayar cuta ba, sauran suka bi shi. Vickers kuma, wakiliyar kamfanin a tafiyar, kumbo mai siffar kofaton doki yana birgimowa a bayanta, ta miƙe sambal a gabansa maimakon ta ratse gefe.

Masu kare fim ɗin suna cewa ai a Alien ma an yi wauta. An yi, amma da bambanci. Mutanen Nostromo leburori ne masu gardama kan kuɗin alawus, kamar direban tirela da yaransa, kuma a cikinsu Ripley ta ƙi buɗe ƙofa saboda dokar killacewa. Jami'in kimiyyarsu Ash ne ya buɗe, daga baya aka gane dalilinsa. Kowane kuskure yana da tushe. A Prometheus an ce an kashe dala tiriliyan ɗaya, an zaɓo ƙwararru, sai kuma labarin ya buƙaci su manta da sana'arsu kafin ya iya tafiya gaba. Hujja ɗaya da ke ɗan tsayawa ita ce mai kamfanin, Peter Weyland, ba bincike ya dame shi ba, tsawon rai yake nema, don haka bai damu da ingancin waɗanda ya ɗauka ba. Tana rage laifin, ba ta wanke shi.

Inda fim ɗin ya ci kuɗinsa shi ne David, mutum-mutumin da Michael Fassbender ya fito a matsayinsa. Shekara biyu da 'yan kai mutane suna barci, shi yana yawo shi kaɗai a kumbo, yana koyon tsofaffin harsuna, yana rina gashinsa don ya yi kama da jarumin wani tsohon fim da yake so. Ladabinsa ya wuce misali, amma a ƙarƙashinsa akwai raini. Dubi wurin da ya ɗiga baƙin ruwa a kofin Holloway: sai da ya tambaye shi iya inda zai kai don samun amsa, ya ji ya ce ko'ina, sannan ya tsoma yatsa. Ya nemi izini ke nan ba tare da mai ba da izinin ya sani ba. A hirar nan ce kuma Holloway ya gaya masa cewa mutane sun ƙera shi ne kawai don sun iya, David ya mayar masa da tambayar yadda zai ji idan nasa maƙerin ya ba shi wannan amsa. Jigon fim ɗin gaba ɗaya yana cikin wannan minti uku, kuma ya fi duk dogon surutun Weyland. Shi Weyland ɗin, an ɗauki Guy Pearce, mutum mai shekara arba'in da 'yan kai a lokacin, an lafta masa roba a fuska don ya zama tsoho tukuf, abin bai zauna ba.

Fitowar tiyata ita ce ɗaya da ko masu zagin fim ɗin ba sa musu a kanta. Shaw, wadda Noomi Rapace ta fito a matsayinta, ta shiga na'urar tiyata da aka saita don namiji, na'urar ta ƙi umarnin cire ciki, ta sake ba ta umarnin cire baƙon abu daga ciki, aka tsaga ta idonta biyu, aka ɗinke da ƙusoshin ƙarfe. An yi ta da gwaninta. Abin da ya biyo baya ne ke ba da dariya: gudu, tsalle, kuma babu wanda ya tambaye ta jinin mene ne a jikinta. Saboda wannan fitowa, da ƙona Holloway da wuta, da 'yar gajeriyar fitowar ɗaki, ba fim ɗin falo ba ne da yara ko surukai.

Akwai kuma musun da ya fi zafi a nan gida, wato batun halitta. Wasu suna kashe shi tun buɗewa, inda wani fari fat ya sha baƙin abu a bakin ruwa mai gangarowa, jikinsa ya narke ya zama tushen rai. Suna ganin labari ne da ke jingina halittar mutum ga wanin Allah, kuma ba wanda zai ce musu dole su kalla. Waɗanda suka kai ƙarshe suna nuna cewa fim ɗin bai ɗaukaka Injiniyoyin ba: suna mutuwa, suna gudu da tsoro, makamin da suka haɗa ya cinye su. Da aka gaya wa Shaw, wadda Kirista ce a labarin, cewa ta cire sarƙar addininta tunda an gano maƙera, sai ta tambayi wanda ya yi su su kuma. Wanda ya taka rawar gani a labarin shi ne kyaftin Janek, Idris Elba, wanda ya gane wurin ma'ajiyar makamai ce, ya kuma kara kumbonsa da nasu don kada su isa duniya. Ruwan da aka buɗe fim ɗin da shi na gaske ne, Dettifoss ne a ƙasar Aislan, kuma aikin haɗa hoto da kwamfuta ya kai fim ɗin ga shiga takarar Oscar.

Game da kwafin da aka ɗora wa fassarar Hausa, idan an miƙo maka irinsa, ka saurari minti biyar na David shi kaɗai a kumbo kafin ka biya. Masu fassara sukan danne sautin asali su cike kowane shiru da barkwanci, wannan fim kuwa da shiru yake aiki. Akwai ma wurin da David ya yi wa Injiniya magana da wani tsohon harshe, da gangan aka bar shi babu fassara a fim ɗin, duk abin da aka sa masa a baki a nan ƙari ne.

Wanda bai taɓa ganin ko ɗaya ba ya fara da Alien na 1979, sannan Prometheus, ko da yake labarin na biyun ne ya riga. Idan aka juya, matuƙin da ke kan kujera ba zai ba ka tsoro ba, ka riga ka san kwalkwali ne kake kallo ba ƙwarangwal ba. Alien: Covenant na 2017 ya ci gaba da labarin David, amma tambayar da Shaw ta tafi nema, dalilin da ya sa Injiniyoyi suka so hallaka mutane, bai amsa ta ba. Ukun a 1080p za su zauna a filash mai gigabait 16 har da saura.